Fijo 504, Bitil ko Corolla KE70: wacce tsohuwar mota za ka saya?

A ƙarshen daminar da ta wuce aka ɗaura auren 'yar maƙwabcinmu a Kaduna. Layi ya cika da manyan motoci masu baƙin gilashi, amma inda samari suka yi dafifi da wayoyinsu shi ne jikin wata farar fijo 504 da wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya zo da ita. Fentin kamfani ne a jikinta, ya ɗan dusashe a saman but. Kujerun ba a taɓa sake musu riga ba. Da ya tashi tafiya, murɗa makulli ɗaya ya yi ta kama, ta fice a hankali da wannan ƙugin da duk wanda ya tashi a Arewa kafin shekarar 2000 zai gane ko idonsa a rufe.

A nan ɗan yayata ya tare ni. Ya ce, "Kawu, ni fa irin wannan nake so. Na ɗan tara wani abu. Fijo zan nema, ko Bitil, ko tsohuwar Corolla ɗin nan mai kusurwa-kusurwa?" Amsar da na ba shi a tsaye ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na warware masa ita, da duk mai irin tambayarsa.

Abin da ya sa waɗannan motoci suke taɓa zuciya shi ne ba a yi su don ado ba, kuma babu wanda ya tausaya musu. Marsandin Alhaji kullum ana wanke ta, ana lulluɓe ta da tamfol. Motar malamin makaranta da ta akawu kuwa ita ke ɗauko buhun masara daga ƙauye, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke ɗauko ragon layya. In ta gaji a sayar wa ɗan kabu-kabu, daga nan sai Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Kaduna, a auna ta a sikeli. Saboda haka idan ka ga ɗaya ta tsira da jikinta da kujerunta da tambarinta, ka ga abin da ya fi tsohuwar Marsandi wahalar samu. Sannan ga sauƙin kai: ka ɗaga murfin inji ka ga komai a fili, kafireto ga shi, fulogi ga su, bakanike da kunnensa yake gano ciwo, ba sai an jona kwamfuta ba.

Biyu daga cikin ukun nan 'yan gida ne. A 1975, shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, nan Kaduna, shi kuma Volkswagen ya fara harhaɗa Bitil a Legas. Corolla daga Japan ake kawo ta a haɗe. Wannan bambancin shi ne tushen kusan duk abin da zan faɗa a kan kayan gyara.

Na fara da Bitil, don ita ce ta fi saurin sace zuciya, kuma ita ce ta fi yawan sa mutum nadama.

Ferdinand Porsche ne ya tsara ta a Jamus a shekarun 1930, sunan Volkswagen ma ma'anarsa motar jama'a. A 1972 ta zarce Ford Model T a yawan waɗanda aka ƙera, kuma ba a daina yin ta ba sai ranar 30 ga Yuli 2003 a garin Puebla na Meziko, bayan an yi sama da miliyan 21. Yarabawa suna ce mata Ijapa, wato kunkuru, kuma sunan ya dace da ita. Injinta a baya yake, silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu, kuma ba ta da lagireto. Iska ce ke sanyaya ta. Mutane suna jin haka sai su ce, to shi ke nan, motar da ba ta shan ruwa ai ita ta dace da ƙasarmu. Gaskiya ne ba za ka taɓa ganin ta a bakin hanya tana tafasa ba. Amma zafin da ruwa yake kwashewa a wasu motoci, a nan fanka ɗaya da baƙin mai lita biyu da rabi ne kawai suke ɗauke da shi. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Sakkwato ko Maiduguri yake haura digiri 40, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Idan fambel ya tsinke, fanka ta tsaya, jar fitila ta kama a gabanka, mintuna kaɗan suka rage wa injin, kuma babu allurar zafi da za ta gargaɗe ka tun da wuri. Idan an yar da ƙarafan da suka rufe injin suna bi da iska, ko robar da ta zagaye shi ta ruɓe, sai ya riƙa shaƙar zafin kansa. Ƙurar hunturu kuma takan haɗu da man da ke tsiyaya ta toshe haƙarƙarin silinda kamar an yaɓa laka.

Don haka Bitil tana son a riƙa taɓa ta. Ba ta da matatar mai irin ta sauran motoci, 'yar raga ce kawai, shi ya sa ake juye mata baƙin mai kowane kilomita 5,000. Bawul ɗinta ana saita su da sanyin inji, tazarar milimita 0.15. Batir yana ƙarƙashin kujerar baya, kuma in babu murfi a kansa, mutum mai nauyi ya zauna, ƙarfen kujerar zai iya taɓa kawunansa ya tada wuta. Tiyon fetur da ya tsufa a saman inji mai zafi shi ya cinye Bitil da yawa a duniya. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba aiki ne mai wuya ba. Wanda ya iya riƙe sifana zai koye su a wata guda. Matsalar ita ce kanikawan da suka san ta sun tsufa, da yawa sun rasu, yaron gareji na yau kuwa wataƙila bai taɓa kwance injin da ba shi da ruwa ba.

Alherinta fa? A yashi da taɓo tana ba da mamaki, domin nauyin inji yana kan tayoyin da ke turawa, cikinta kuma a shafe yake. Kayan injinta har gobe ana ƙera sababbi a ƙasashen waje saboda yawan masoyanta, ko da yake sai ka yi oda ka jira. Kuma babu motar da ke sa baƙon mutum ya yi maka murmushi a danja kamar ta. Sai dai ƙofa biyu gare ta. Ka tuna ranar da za ka ce wa Hajiya ta sunkuya ta ratsa bayan kujera da lulluɓinta da ciwon gwiwarta. But ɗin yana gaba, tankin mai da safaya sun cinye rabinsa. A babbar hanya kuma, tirela in ta gifta ka, sai ka ji iska ta ture gabanta.

Fijo 504 wata duniya ce daban. Ta fito a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. A can ba a ɗauke ta ƙaramar mota ba, amma a nan ita ce motar ma'aikaci, ta ofis, ta ɗan sanda, ta tasha. A 1975 Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, ya ci gasar tseren Safari ta Kenya da ita, a kan irin hanyoyin da muke bi zuwa ƙauyukanmu. Sirrinta yana ƙafafunta: suna da doguwar tazarar lotsawa da miƙewa, shi ya sa take haɗiye rami da gargada ba tare da ta jijjiga na ciki ba. Sandar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya a cikin bututun ƙarfe take, dutse da ƙura ba sa isa gare ta. Kujerunta kuwa, ban taɓa zama a kujerar mota mai araha da ta kai su taushi ba. Duk wanda ya taɓa yin Kaduna zuwa Jos, ko Kano zuwa Maraɗi, a cikin doguwar nan mai layin kujeru uku ya san abin da nake nufi.

Ga dalilin da ya fi kowanne nauyi a wurina. Faransa ta daina yin ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Ke nan za ka iya samun motar da zanenta na 1968 ne amma shekarunta ashirin da 'yan kai kacal. Bitil ɗin Legas ko KE70 duk wadda ka samu ta doshi arba'in ko ta haura. Shekara ashirin a jikin roba da waya da ƙarfe ba wasa ba ne. Ban da haka, injinta mai lita 2 shi ne a cikin 505 da yawa, don haka kayansa suna nan a Panteka da Ƙofar Ruwa a Kano, sabo da kwance. Silindodinsa riguna ne da ake zarewa a sa sababbi, wanda ya sa ana iya sabunta injin sau da yawa ba a jefar da gangar jikinsa ba. Kuma da wuya ka shiga gari a Arewa ko kudancin Nijar ka rasa dattijon bakaniken fijo. Wannan ilimi yana raye, ba kamar na Bitil ba.

Laifinta biyu ne manya. Na farko, ba ta yafe zafi. Kan injin na alminiyom ne, in ta tafasa sau ɗaya ko biyu sai gaskit ya ƙone ko kan ya karkace, ruwa ya haɗu da mai. Yawancinsu kuma shekara da shekaru ruwan rijiya ake ɗura musu, tsatsa ta cinye hanyoyin ruwa daga ciki. Na biyu shi ne ainihin abin baƙin ciki: saboda tana da juriya, an yi ta aiki da ita har sai da ta ƙare. Cikin goma da za a nuna maka, mafi yawa haɗe-haɗe ne, jikin wata shekara, ƙofar wata, injin wata, an bi da sabon fenti an liƙa tambarin SR ko Bestline a baya. Fijo tana da yawa, fijo mai asali ita ce ƙalilan. Sannan tana shan mai. Nauyinta ya kai kilo 1,200, sauran biyun kuwa ba su kai 1,000 ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya daina zama abin da za a kau da kai a kansa.

Corolla KE70 ba ta da dogon labari, kuma wannan shi ne yabonta. Ta fito a 1979, ita ce zubi na huɗu tun Corolla ta farko ta 1966, kuma ita ce ta ƙarshe da dukkan nau'o'inta tayoyin baya ke turawa. Daga 1983 aka fara mayar da su gaba. Injinta 4K mai lita 1.3 sarƙa ce ke juya shi, ba bel ba, kuma irinsa ne a tsohuwar Starlet da wasu Liteace, abin da ya sa kayan ciki ba sa gagara. Ta fi sauran biyun tsimin mai nesa ba kusa ba. Bitil, duk da ƙanƙantarta, ta fi ta sha. Sitiyarinta ba nauyi, giyarta tana shiga kamar an shafa mata man shanu, da safe ba ta gardama. Idan ka ce mini mota ɗaya za ka mallaka kuma da ita za ka je aiki kullum, ita zan nuna maka.

Amma ƙarfen jikinta siriri ne, tsatsa tana son sa. Wadda ta yi rayuwarta a Katsina ko Damagaram tana iya tsira saboda bushewar iska. Wadda ta zauna Legas ko Fatakwal kusa da gishirin teku, ka ɗaga tabarmar ƙasa ka ga kwalta. Kuma tunda ba a nan aka haɗa ta ba, ranar da ɗan acaɓa ya fasa maka fitilar baya ko ragar gaba, za ka zagaye kasuwa ka dawo hannu rabbana. Masoyanta suna da yawa a Maleshiya da Pakistan da Ostireliya, daga can ake samun irin waɗannan ta intanet, da tsada. A kula kuma: a waɗancan ƙasashe sitiyari a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu. Motar da aka yanke aka mayar da sitiyarinta, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. A gargada ma bayanta yana tsalle, na kujerar baya su suke sha.

Akwai abin da ukun suka yi tarayya a kai, kuma ba zan ɓoye shi don ina son su ba. Babu jakar iska a cikinsu, babu birkin da ke hana taya cijewa. Bitil ta fi rauni, domin yawancinsu birkin ganga ne a duk ƙafa huɗu, tankin mai yana gabanka, gilashi yana dab da fuskarka. Fijo ta fi su jiki da birki. Duk da haka, ko ɗaya ban yarda a ɗauki iyali a cikinta a bi hanyar Abuja da dare ba. Motocin gari ne da tafiyar rana cikin natsuwa. Duk wadda ka saya, kafin rediyo, kafin komai, ka sauya tiyoyin birki da na fetur, ka sa bel ɗin kujera mai aiki, ka ajiye tukunyar kashe gobara kusa da hannunka. Taya kuma ka duba lambobi huɗu da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta shekara goma a ajiye, ko zanenta bai goge ba, ta mutu.

Yanzu ga maganar da na fi so ɗan yayata ya riƙe. Jiki ake saye, ba inji ba. Inji ko ya kwanta ana tada shi, musamman na fijo. Jikin da tsatsa ta ci, ko wanda aka yi haɗari da shi aka miƙe, ba ya komawa yadda yake har abada. Saboda haka tsohon fenti mai dusashewa ya fi mini sabon fenti mai walƙiya, domin na farko ba ya ɓoye komai, na biyu kuwa sau da yawa kyan ɗan maciji ne. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle, ka bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da shi. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne a wurin, cikon masu fenti ne. A Bitil ka duba ƙasan batir da dogayen bututun da ke bin gefen ƙofa ta ƙasa, su ne ƙashin bayanta. A fijo ka duba ƙasan but, zagayen gilashin gaba, da inda ake kafa jak. A Corolla ka duba ko'ina. Ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kan injin ka tabbatar ba a ɗumama shi kafin zuwanka ba. Kada ka gaskata lambar tafiya da ke gaban direba, yawancin na wancan zamani lamba biyar gare su, in sun cika sai su koma sifili. Robar feda da sitiyari da kujerar direba sun fi su faɗin gaskiya. Cinikin hoto a waya kuwa cinikin biri a sama ne.

Irin motar da kake nema ba kasafai take zuwa hannun dillali ba. Tana cikin garejin wani tsohon ma'aikaci a Zariya ko Gusau, ko an jingine ta a bayan gida tun rasuwar mai ita. In ta gado ce, ka bi a hankali. Ka tabbatar an raba, ko dukkan magada sun amince, a rubuta a gaban shaidu, lambar jikin motar kuma ta yi daidai da ta takarda. Na san cinikin da aka warware bayan mai saye ya kashe kuɗin gyara, saboda wata 'yar marigayin da ke aure a nesa ba a shawarce ta ba, kuma ita ke da gaskiya. Motar da ta daɗe a tsaye kuma ba a zuwa a murɗa mata makulli kawai. A zubar da tsohon fetur, a juye mai, a cire fulogi a ɗiga ɗan mai a silinda, a juya injin da hannu tukuna.

In Allah ya ba ka mai kyau, don girmansa kada ka ɓata ta. Kada ka yanke ƙofa don sa lasifika, kada ka sa mata ƙafafun zamani da baƙin gilashi da fitilu masu kashe ido. Wani bawan Allah ya yi shekara talatin ko arba'in yana kiyaye ta kafin ta iso hannunka, kuma duk abin da ka cire ka yar, ba lalle ka sake samun irinsa ba.

To wacce? Ga mutumin da ke zaune a Arewa, yana da wata motar ko babur na zirga-zirgar yau da kullum, yana son ta Juma'a da biki da ziyarar gida, fijo 504 zan ce, ta ƙarshe-ƙarshen nan ta Kaduna, ko da zai shekara yana nema. Kanikawa suna nan, kaya suna nan, kuma ta fi sauran mutunta fasinja. Ga wanda aljihunsa bai da zurfi kuma ita kaɗai ce motarsa, KE70, da sharaɗin jikinta lafiya lau kuma fitilunta da gilasanta duk suna nan. Bitil kuwa sai wanda ya yarda zai zama bakaniken kansa, yana da inuwar ajiye ta, kuma ya riga ya gano tsohon da zai koya masa kafin ya biya kuɗi. Amma in aka ajiye mini Corolla mai fentin kamfani kusa da fijo haɗe-haɗe, Corolla zan ɗauka ban ko waiwaya ba.

Ɗan yayata yana da babur, gidansu kuma akwai rumfa, don haka fijo muka tsayar. An yi mana kwatancen wata a Zariya, ta wani marigayi, an ce tun rasuwarsa take rufe a gareji. Asabar mai zuwa za mu je da bakanikena. Na ce masa ya taho da tocila da maganaɗisu, ya bar kuɗin a gida tukuna.